Horar da shugabannin kwaya a birnin Kano

Shugaban kwaya, wanda 'yan coci suka fi kira kwayamasta, shi ne mai koya wa ƙungiyar mawaƙa waƙa, ya raba musu muryoyi, ya kuma tsaya gabansu yana ba da alama da hannu a lokacin sujada ko bikin makaranta. A Kano aikin ya fi ƙarfi a Sabon Gari, unguwar da ta bunƙasa bayan isowar jirgin ƙasa a 1911, inda majami'un Angilikan da Katolika da Baftis da ECWA suke kusa da juna. Yawancin masu wannan aiki ba shi ne abin cin abincinsu ba. Wani malamin makaranta ne, wani tela, wani kuma yana da rumfa a kasuwa, sai da yamma ya zo koyon waƙa.

Hanya mafi daɗewa ta samun horo ita ce zama a ƙarƙashin na gaba. Yaro yakan shiga kwayar yara, in muryarsa ta fashe ya koma layin maza, daga nan a ba shi riƙon murya ɗaya daga cikin huɗun da ake rerawa: sofrano, alto, teno da bas. Ranar da kwayamasta ya yi tafiya, a ce ya riƙe. Abin da ake fara koya masa shi ne solfa, wato rubuta waƙa da haruffan d, r, m, f, s, l, t, tsarin da Sarah Glover ta faro a Ingila, John Curwen ya yaɗa shi a ƙarni na 19, 'yan mishan suka kawo shi nan. Alli da allo sun wadatar, shi ya sa har yau ya fi rubutun kiɗa na Turawa, mai alamomi a kan layi biyar, karɓuwa.

Mai son takardar shaida kuwa sai ya duba waje. Jami'ar Najeriya da ke Nsukka ta buɗe sashen kiɗa a 1961, ƙungiyar kiɗa ta MUSON da aka kafa a Legas a 1983 tana da makaranta da jarrabawarta, akwai kuma jarrabawar hukumar kiɗa ta ABRSM ta Ingila mai matakai takwas. Nisa da tsada kan hana mutane da yawa. Abin da ya fi isa gare su shi ne bitar kwana biyu ko uku da ɗarikoki ke shiryawa, da gasar waƙa tsakanin majami'u, inda alƙalai kan gaya wa shugaba kurensa a bainar jama'a. Yanzu kuma an ƙara da YouTube, da tura kowace murya daban ta WhatsApp kafin ranar haɗuwa.

Sai dai babu jarrabawar waje da ke koyar da abin da ya fi wuya a kwayar Hausa. Hausa harshe ne mai karin sauti da tsawon wasali, yawancin waƙoƙin da ke cikin Littafin Waƙoƙi, wato littafin waƙoƙin coci na Hausa, kuwa fassara ce da aka ɗora a kan karin Turawa. Idan sautin waƙa ya faɗi a gaɓar ƙarshe ta "kuka", kukan hawaye ya koma kukar miya. Idan aka ja gaɓar farko ta "gari", birni ya zama garin tuwo. Gogaggen kwayamasta yakan sa mawaƙa su karanta baitin da baki tukuna, kamar hira, ya ji inda kari ya yi karo da magana, sannan ya matsar da kalma ko ya rage jan. A wannan fanni Zumuntar Mata, wato ƙungiyar matan coci, sun yi wa kwaya nisa, domin su daga maganar suke tsiro da karin, da tulu da kacau-kacau da amshi, ba tare da takarda ba. Shugaba mai wayo yakan zauna bayan coci ranar koyonsu ya kasa kunne.

Yanayin gari ma darasi ne. Waƙoƙin Kirsimeti suna faɗowa a tsakiyar hunturu, lokacin da ƙura ke busar da maƙogwaro, don haka ana koya wa shugaba ya fara da ɗumama murya, ya sa a sha ruwa, ya sauke waƙar ƙasa kaɗan idan sofrano sun fara kakari.

A makarantu lamarin ya bambanta. Kiɗa ba darasi ne mai zaman kansa ba a firamare da ƙaramar sakandare, an cusa shi cikin darasin al'adu da fasaha, kuma sau da yawa malamin da aka ga yana da murya shi ake ɗora wa kwaya. Ɗalibansa Musulmi ne da Kirista, Hausawa da Ibo da Yarabawa, saboda haka zaɓen waƙa na buƙatar lura kamar yadda koyar da ita ke buƙata. A watan Mayun 2024, da gwamnati ta dawo da taken ƙasa na 1960, irin waɗannan malamai ne suka fara koyon sa da kansu, sannan suka tsaya a filin asambili suna bi da yara layi-layi.