Kada a Sassauta wa Yaro Birkin Gaba

Iyaye da yawa a Jos sun daɗe da yarda cewa birkin gaba na keke ne ke wuntsilar da yaro, har wasu kan sa mai gyaran keke ya sassauta wayar birkin. Wannan kuskure ne mai haɗari. Idan aka kama birki, nauyin mahayi kan koma kan tayar gaba, saboda haka ita ta fi riƙe ƙasa, ta baya kuwa zamewa take yi, musamman a gangaren hanyar makaranta lokacin damina. Damƙe birkin farat ɗaya ne ke kayar da yaro. A duba ko robar birkin ta cinye, a tabbatar yatsunsa na kaiwa hannun birki, sannan a koya masa matsa duka biyun a hankali.