Adana kalmar sirri da sunan shiga na intanet

Kalmar sirri jerin haruffa ne da lambobi da alamomi waɗanda mutum yake shigarwa domin ya tabbatar wa na'ura cewa shi ne mai asusu. Sunan shiga kuwa shi ne abin da ake gane asusun da shi, kuma galibi lambar waya ce ko adireshin imel. Sunan shiga tamkar ƙofar gida ne da kowa yake gani daga bakin hanya, amma kalmar sirri ita ce mukullin. An fara amfani da ita a kwamfuta tun farkon shekarun 1960 a cibiyar MIT ta Amurka, a ƙarƙashin jagorancin Fernando Corbató, lokacin da mutane da yawa suke tarayya a kan na'ura guda, kowa yana son ya killace nasa aikin.

A karkarar Kano da Jigawa buƙatar ta shigo ne ta hanyar banki da wayar hannu. Babban Bankin Najeriya ya ƙaddamar da lambar BVN, ta tantance masu asusun banki, a 2014, sannan a watan Disamba na 2020 gwamnatin tarayya ta ba da umarnin a haɗa kowane layin waya da lambar NIN, ta shaidar ɗan ƙasa. Saboda haka manomi a yankin Gwarzo ko ɗan kasuwa a Ringim yana iya samun kansa da fin (lambar sirri) na katin ATM, da wani fin na tura kuɗi ta waya, da kalmar Facebook, da ta Gmail wadda sau da yawa bai ma san yana da ita ba, domin wanda ya saita masa wayar ne ya buɗe ta.

Ƙarfin kalmar sirri yana tattare da tsawonta da wuyar cankarta. Fin mai lambobi 4 yana da haɗin lambobi iri 10,000 kacal, shi ya sa banki yake toshe kati idan aka yi kuskure sau uku a jere. Mafi rauni su ne 1234, da shekarar haihuwa, da lambobin ƙarshe na wayar mutum. Hukumar NIST ta Amurka mai tsara ƙa'idojin fasaha, a jagorar da ta fitar a 2017, ta fifita tsawo a kan cakuɗa alamomi, ta kuma daina ba da shawarar tilasta wa mutane canza kalma lokaci-lokaci ba tare da dalili ba. Kalmomin Hausa huɗu ko biyar waɗanda ba su da alaƙa da juna sun fi sunan ɗa ko na mata ƙarfi nesa ba kusa ba, sai dai ya kamata a guji haruffa masu ƙugiya kamar ƙ da ɗ, domin ba a kowace na'ura ake samunsu ba. Maimaita kalma ɗaya a ko'ina shi ne babban haɗari: kutsen da aka yi wa Yahoo a 2013 ya shafi asusu biliyan 3, kuma masu kutse sukan gwada bayanan da suka sata a wasu shafukan.

Amma a ƙauye sirrin ya fi fita ta hannun mai taimako. Ɗalibi zai taso daga ƙauyensu zuwa shagon kwamfuta a gari domin rajistar JAMB, mai shago ya buɗe masa imel, ya zaɓa masa kalma, ya rubuta a bayan rasit, wani lokacin ma ya sa tasa lambar wayar a gurbin da ake dawo da asusu. Bayan watanni, idan aka zo duba sakamako, takardar ta ɓace ko ruwan damina ya cinye ta. Haka nan ranar Alhamis a kasuwar Maigatari ko ranar Juma'a a ta Wudil, ba abin mamaki ba ne a ga dattijo ya miƙa wa mai POS kati naɗe da takardar da aka rubuta fin, ko ya faɗi lambar da ƙarfi jama'a na ji. Ba lallai mai taimakon ya kasance macuci ba. Matsalar ita ce mukulli ya zama biyu, kuma mai asusun bai canza shi ba bayan ya koma gida.

Hanyar adanawa mafi sauƙi ita ce ɗan littafi na musamman da ake rubuta sunan shafi da sunan shiga da kalmar, a ajiye shi a akwati tare da takardun gona, nesa da gara da danshi, ba a cikin jakar da waya ko kati suke ba. Rubutawa da ajami ba ya ɓoye komai a garin da kusan kowa ya yi makarantar allo. Masu babbar waya suna iya amfani da manhajar adana kalmomin sirri, irin su Bitwarden da KeePass da wadda Google ya haɗa da Android, inda ake kulle dukkan kalmomi da babbar kalma guda. Ajiye fin a cikin jerin sunayen waya ko a hoto shi ne mafi muni, musamman inda ake barin waya a wurin caji yini guda.

Mataki na biyu na tsaro, bayan kalmar sirri, shi ne lambar da ake turowa ta saƙo, wadda ake amfani da ita sau ɗaya. 'Yan damfara sukan kira da sunan banki ko na shirin tallafi su nemi a karanto musu ita, alhali banki ba ya tambayar fin ko wannan lamba ta waya. WhatsApp yana ba da damar ƙara fin mai lambobi 6 domin hana ƙwace asusu. Tunda saƙonnin duk ta layi suke shigowa, ana sa wa sim nasa fin, kuma idan waya ta ɓace ana fara toshe asusun banki da layin kafin a je dawo da shi. Layin da aka daɗe ba a yi amfani da shi ba, kamfani yana iya sayar wa wani, sabon mai shi kuma ya riƙa karɓar saƙonnin tsohon.