Sokawe da tsabtar ruwan rijiya

Sokawe rami ne da ake ginawa da bulo da siminti domin tara bahaya da ruwan banɗaki a gidan da ba a haɗa shi da babbar magudanar gari ba. Wanda aka gina bisa ƙa'ida kashi biyu ne. Akwai rufaffen tanki, inda ƙazanta mai nauyi ke kwantawa, maiƙo ya taso sama, ƙwayoyin bakteriya su riƙa narkar da abin da ya kwanta. Sai ramin tsotsewa, wanda ruwan da ya tsiyaye ke bi ya shige ƙasa. Wani Bafaranshe, Jean-Louis Mouras, ya yi rajistar irin wannan tanki a 1881.

Tankin ba ya kashe ƙwayoyin cuta yadda ya kamata. Ƙasa ce ke ƙarasa aikin tacewa, shi ya sa irin ƙasar wuri ke da muhimmanci. A ƙasa mai rairayi ruwan na zarcewa da sauri tun bai tacu ba. A laka kuwa ba ya shigewa, sai ya dawo ya malale tsakar gida. Da damina ruwan ƙarƙashin ƙasa kan taso har ya haɗu da gindin ramin. Ƙa'idar da ma'aikatan tsabta suka fi bi ita ce a bar tazarar mita 30 tsakanin rami da rijiya, a kuma bar aƙalla mita 1.5 tsakanin gindin ramin da ruwan ƙarƙashin ƙasa. A unguwanni masu cunkoso, inda rijiya da shadda ke gida ɗaya ko katanga kawai ta raba rijiyar wani da shaddar maƙwabcinsa, wannan tazara ba ta samuwa.

Ana so a yashe tanki duk shekara 3 zuwa 5, gwargwadon girmansa da yawan mutanen gida. Galibi dai sai wari ya tashi ake kiran motar kwasa, alhali a lokacin ƙazantar ta riga ta toshe ramin tsotsewa. Leda, ƙunzugun jarirai da man girki na gaggauta cikar tankin.

Gurɓataccen ruwa na kawo amai da gudawa da taifot. A annobar kwalara ta Landan a 1854, an gano cewa wani ramin bahaya ne ke yoyo dab da rijiyar famfon Broad Street. Akwai kuma sinadarin naitiret, wanda ke cutar da jarirai, kuma tafasa ruwa ba ta kawar da shi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙayyade shi a miligiram 50 cikin kowace lita ta ruwan sha.