Takin da ya zube a sito, a share shi a bushe

Tun da gwamnatin tarayya ta fara shirin samar da takin zamani a ƙarshen 2016, masana'antun haɗa taki suka yawaita a Kano da Kaduna da Katsina da Bauchi da sauran jihohin Arewa. Aikinsu gaurayawa ne. Kafin a samu tan ɗaya na kamfa 20:10:10 (wato kashi 20 cikin ɗari naitrojin, 10 fosfet, 10 fotash), ana auna yuriya wajen kilo 350, da DAP (takin fosfet mai ɗauke da naitrojin) kilo 217, da fotash kilo 167, sannan a cike sauran da tsakuwar farar ƙasa. Ban da farar ƙasar, duk sauran suna narkewa a ruwa, kuma daga nan yawancin ɓarna take farawa.

Yuriya ita kaɗai tana fara tsotsar laima daga iska idan danshin iskar ya haura kashi 72 cikin ɗari. Da zarar ta haɗu da fotash, sai wannan iyaka ta sauko zuwa kashi 60. A watan Yuli da Agusta iskarmu tana wuce haka kusan kullum da dare, shi ya sa kamfa da aka bari a buɗe yake kwana ya tashi yana naso, ya dunƙule kamar dutse, ko ya zama caɓi a ƙasa. Don haka a damina kada a gauraya fiye da abin da za a iya ɗurawa a buhu a ɗinke a ranar. Buhun ya kasance mai leda a ciki, a rufe ƙofofin sito idan ba lodi ake yi ba. Kada a haɗa yuriya da supa, domin suna fitar da ruwa su manne da juna. Takin CAN kuwa, wani takin naitrojin, ko kusa da yuriya kada a jera shi, su biyun idan suka haɗu suna saurin tsotsar laima su narke.

Buhu ba ya kwana a kan daɓe. A ɗora shi kan katako, a bar tazarar kusan mita ɗaya tsakanin jerin buhuna da bango, yadda mutum zai iya zagayawa ya ga inda rufi yake yoyo. Wanda ya riga shiga shi zai riga fita. Buhun da aka jibge a rana yana ruɓewa ya fashe a hannun 'yan dako, ƙugiyar da wasu suke cakawa kuwa tana huda ledar ciki, a hana ta gaba ɗaya.

Yanzu ga abin da ya fi damunmu. Idan taki ya zube, da yawa sai su jawo tiyo su wanke daɓen, ruwan ya bi kwata ya fita. Ido yana ganin wurin ya yi fes, amma takin bai ɓace ba. A cikin ƙasa yuriya tana rikiɗa ta zama wani sinadari mai suna naitret, shi kuwa naitret ƙasa ba ta riƙe shi, yana bin ruwa har cikin rijiyoyin maƙwabta. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙayyade miligiram 50 na naitret a kowace lita ta ruwan sha. Buhun yuriya guda ɗaya mai kilo 50 yana ɗauke da naitrojin kilo 23, wanda idan duk ya rikiɗa zai iya kai ruwa wajen lita miliyan biyu ga wannan iyaka. Jarirai 'yan ƙasa da wata shida su suka fi cutuwa idan aka dama musu madara da irin wannan ruwa: jininsu yana kasa ɗaukar iska yadda ya kamata, leɓɓansu su yi shuɗi. Tafasa ruwan ba ya cire naitret, ƙara masa ƙarfi ma yake yi.

Dabbobi kuwa nasu ya fi sauri. Akuya ko saniya da ta sha ruwan da ya kwanta kusa da sito, ko ta lashi takin da ya zube a bakin ƙofa, tana iya fara dalala da karkarwa da kumburin ciki cikin awa ɗaya, ta mutu kafin likitan dabbobi ya iso. Katanga da ƙofa mai rufuwa ba ado ba ne a wurin ajiyar taki.

Abin yi mai sauƙi ne. A ajiye tsintsiya da shebur da buhunan da babu komai a kowane wurin da taki yake sauya hannu: bakin mazubi, ƙarƙashin bel, wurin ɗinki, da inda tirela take tsayawa. A share nan take, kafin taya ta niƙe shi ya zama gari. A auna abin da aka share a rubuta a littafi kullum. Masana'antar da take haɗa tan 100 a rana, idan rabin kashi ɗaya cikin ɗari kawai yake zubewa, buhu goma ke nan a kowace rana, kuma littafin ne zai nuna wane bel ne ya karkace ko wane mai ɗinki ne zarensa yake tsinkewa. Sharar da ta gauraya da ƙasa kada a mayar da ita cikin injin, domin tana ɓata lissafin da aka rubuta a jikin buhu, manomi ya biya kuɗin 20:10:10 ya tafi da wani abu daban. A ɗura ta daban, a faɗi gaskiyar abin da take, a kai ta gona.

Wurin lodi ya kasance na siminti, da rufi a kansa, gangarensa ya nufi wani ƙaramin rami da aka shafe da siminti. Idan dole sai an wanke injin, saboda fotash yana cin ƙarfe ya sa sikeli tsatsa, a fara kankarewa a share a bushe, sannan a yi wankin da ruwa kaɗan, a tara shi a ramin nan a kwashe a watsa a gona mai faɗi, nesa da rijiya da kududdufi. Ruwan indararo kuma a yi masa hanyarsa daban, kada ya ratsa ta wurin lodi.

Ma'aikatan da suke wurin mazubi su sa takunkumi da safar hannu da takalmin roba, musamman da hunturu lokacin da ƙura take tashi. Wanda garin taki ya faɗa wa a ido ya wanke da ruwa mai tsabta na tsawon minti goma sha biyar, kada ya murza, idan zafin bai lafa ba a kai shi asibiti da buhun takin ko sunansa.