Percy Julian

Percy Lavon Julian (1899–1975) Ba'amurke ne baƙar fata, masanin kimiyyar sinadarai, wanda ya yi suna wajen haɗa magunguna daga sinadaran da ke cikin tsirrai. Aikinsa ya karya farashin wasu magungunan da a da sai masu hannu da shuni ke iya saya.

An haife shi ranar 11 ga Afrilu 1899 a Montgomery, jihar Alabama, jikan bayi ne. Ya shiga Jami'ar DePauw a Indiana da giɓi a karatunsa na sakandare, yana cike giɓin yana bin darussan jami'a, amma a 1920 shi ya fito na ɗaya a ajinsu. Ya yi digiri na biyu a Harvard a 1923, sannan digirin dakta a Biyana, ƙasar Ostiriya, a 1931, a hannun Ernst Späth.

Abin da ya fara fito da sunansa yana da tushe a Najeriya. Waken Kalaba, wanda mutanen Efik ke kira esere, dafi ne da a da ake bai wa wanda ake zargi da maita ya sha: in ya amayar, ya kuɓuta, in ya mutu, laifi ya tabbata. A cikin waken akwai sinadarin fisostigmin, mai rage matsin ruwan cikin ido, don haka aka riƙa maganin hawan jinin ido da shi. A 1935, a DePauw, Julian da abokin aikinsa Josef Pikl suka haɗa sinadarin tun daga tushe, ba tare da waken ba. A kan hanya suka ci karo da Robert Robinson na Oxford, babban gwanin fagen a lokacin, wanda ya riga ya sanar da cewa ya haɗa ɗaya daga cikin sinadaran da ake bi kafin a kai ga fisostigmin. Zafin da nasu ke narkewa bai yi daidai da na Robinson ba. Julian ya rubuta ƙarara cewa Robinson ne ya yi kuskure, kasada ce babba ga matashin da bai da kowa a bayansa. Da aka gwada da na asalin waken, na Julian ne ya dace.

Duk da haka DePauw ba ta ba shi kujerar koyarwa ta dindindin ba. A 1936 kamfanin Glidden na Shikago ya ɗauke shi shugaban binciken waken soya. Daga furotin ɗin da ya ware aka yi kumfar kashe gobarar mai da sojojin ruwan Amurka suka yi amfani da ita a Yaƙin Duniya na Biyu. A 1939 ruwa ya yi yoyo cikin wani tankin man soya, wani farin abu ya kwanta a ƙasa. Ma'aikata suka ɗauka asara ce. Julian ya gane cewa sinadaran sitirol ne, waɗanda ake iya juyawa su zama furojestaron, sinadarin da ke riƙe ciki. Kafin nan, daga sassan jikin dabbobi ake samun irin waɗannan ɗan kaɗan-kaɗan, da tsadar gaske. A 1949 ya fito da hanyar haɗa sinadarin da ake kira S, wanda daga shi ake samun haidirokotizon, maganin kumburin gaɓoɓi.

Shahara ba ta kare shi daga wariyar launin fata ba. Da ya sayi gida a Oak Park, unguwar fararen fata kusa da Shikago, aka yi yunƙurin ƙona gidan a 1950, aka jefa masa nakiya a 1951. Bai tashi ba.

Ya bar Glidden a 1953 ya kafa kamfaninsa, Julian Laboratories, har da masana'anta a Meziko inda ake sarrafa wata doyar daji. Ya sayar da kamfanin ga kamfanin magunguna na Smith, Kline and French a 1961 kan dala miliyan 2.3. Ya yi rajistar ƙirƙire-ƙirƙire fiye da 130, kuma a 1973 aka zaɓe shi cikin Cibiyar Kimiyya ta Ƙasa ta Amurka. Ya rasu ranar 19 ga Afrilu 1975 a Waukegan, jihar Illinois. A 1993 hukumar gidan waya ta Amurka ta buga kan sarki mai hotonsa.