Makarantar nasin: suna ko lasisi, wanne doka ta sani?

Duk shekara da zarar sakamakon WAEC da NECO ya fito, a gidajen Hausawan Legas daga Agege zuwa Idi-Araba har Mile 12 zancen ɗaya ne, wace makarantar nasin za a kai yarinya, kuma kusan kullum gardamar a kan suna take tsayawa, wannan ya ce sai LUTH, wato asibitin koyarwa na jami'ar Legas, wancan ya ce a'a a mayar da ita gida ta yi a Zariya ko Kano, wani Alhajin kuma ya ce shi jami'ar kuɗi zai kai tasa ko nawa ne. To jama'a abin da nake so mu gane shi ne, a aikin jinya ba makaranta ce take mayar da mutum nas ba. Doka ta ɗauki wannan ikon ta damƙa wa hukuma guda ɗaya tak, ita ce Majalisar Ma'aikatan Jinya da Ungozoma ta Najeriya, wadda aka fi sani da NMCN, hedikwatarta na Abuja.

An kafa ta ne da dokar soja mai lamba 89 ta 1979, yanzu kuma dokar tana cikin kundin dokokin tarayya na 2004 a babi na N143. A taƙaice abin da dokar ta ce, ita majalisar ce za ta tsara abin da za a koyar, ita za ta amince da makarantar da za ta koyar ɗin, ita za ta shirya jarrabawar ƙarshe, ta rubuta sunan wanda ya ci a rajista ta ba shi lasisi, in ya yi ba daidai ba kuma ita za ta hukunta shi har ta iya goge sunansa. Wanda kuwa babu sunansa a rajistar nan ya kira kansa nas ko ya kama aikin don a biya shi, ya aikata laifi a doka, ko da kuwa ya fi kowa iya saka ruwa a unguwarsu.

Kun ga ke nan wadda ta gama a LUTH da wadda ta gama a wata ƙaramar kwalejin jiha da ba ku taɓa jin sunanta ba, jarrabawar majalisa ɗaya za su zauna, ta nasin ana yin ta a watan Mayu da Nuwamba, akwai ta kwamfuta akwai kuma ta gwajin aiki da hannu a gaban masu duba, in sun ci dukansu RN ne, wato nas mai rajista, ikonsu a kan gadon marar lafiya ɗaya ne, kuma dukansu sai sun riƙa sabunta lasisin duk shekara 3 tare da halartar kwas ɗin ƙarin ilimi na dole. Babu lasisin 'yan babbar makaranta daban.

Saboda haka tambayar farko ita ce, majalisa ta amince da wannan makarantar? Kuma ta amince da wannan kwas ɗin da ake so a yi? Don makaranta tana iya samun amincewar ungozoma amma ba ta da ta nasin, jami'a kuma tana iya zama tsohuwa mai suna amma sashen nasin ɗinta sabo ne bai samu ba tukuna. Jerin makarantun yana shafin majalisar na intanet, a waya ma za ka duba, kada ka tsaya a kan abin da aka rubuta a allon bakin get. In digiri ne ana buƙatar amincewa biyu, ta hukumar jami'o'i NUC da ta majalisar, in tsarin ND da HND ne kuma hukumar ilimin fasaha NBTE da majalisar.

Amma inda aka fi cin iyaye da yaƙi, kuma inda nake so a tsaya a karanta da kyau, shi ne maganar kota da indeksin. Kowace makaranta akwai adadin ɗaliban da majalisa ta yarda ta ɗauka, gwargwadon malamanta da ajujuwa da ɗakin gwaji da gadajen asibitin da za a koyi aiki. Waɗannan ɗaliban su makaranta za ta tura sunayensu da takardunsu majalisa a ba kowa lambarsa, shi ne indeksin, kuma wadda ba ta da wannan lambar ba za ta zauna jarrabawar majalisa ba, ko ita ce ta ɗaya a aji. To sai makaranta ta kwashi ɗalibai fiye da kotarta saboda kuɗin makaranta, yarinya ta ɗinka farin yunifom, ta sayi abin awon jini da agogon nan na maƙalawa a ƙirji, ana ta biyan kuɗi zango bayan zango, sai tafiya ta yi nisa a ce mata ai sunanta bai shiga ba ta jira 'yan baya, ko a tura ta wani kwas ɗin da ba shi ta zo yi ba. Wannan abin yana faruwa har a wuraren da ginin su zai burge ka. Wallahi yana ƙona min rai, don yawanci uban ɗan kasuwa ne da bai san akwai wani abu wai shi indeksin ba, shi dai ya ga rasit ya ga yunifom ya ɗauka magana ta ƙare.

A wajen indeksin ɗin ne kuma ake sake duba sakamakon sakandare. Ƙa'idar ita ce kiredit 5, Turanci, lissafi, fiziks, kemistiri da bayoloji, a zama ɗaya ko biyu, bai wuce biyu ba. Kiredit kuma daga C6 ne zuwa sama, D7 a fiziks ba ta shiga. Duk wanda ya ce maka kawo kaza a shigar da ita haka nan za a gyara daga baya, to shigarwar zai iya, amma majalisa ba a hannunsa take ba. Gara ta sake rubuta fefar.

Sai maganar ogzilari, wadda ta cika Legas. Asibitin kuɗi a saman bene, an rataya kyalle an rubuta ana koyar da nas, yarinya ta yi shekara biyu tana allura tana wanke ciwo tana kwana a bakin aiki, ranar gamawa a yi biki a ba ta takarda mai hatimin asibitin. Wannan takardar majalisa ba ta san da ita ba, ba za ta samu lasisi da ita ba, gwamnati ba za ta ɗauke ta a matsayin nas ba, kuma hukumar HEFAMAA mai sa ido kan asibitocin jihar Legas tana rufe asibitoci a kan irin wannan. CHEW kuma, wato kwas ɗin ma'aikatan lafiya na al'umma, da ake yi a kwalejin kiwon lafiya irin ta Yaba karatu ne na gaskiya mai rajista, amma hukumarsu daban ce, aikinsu daban, ba nasin ba ne, a san abin da aka je saya. Masu tunanin tsallakawa Kwatano tunda ga ta nan kusa, ku tuna a Janairun 2024 gwamnatin tarayya ta dakatar da tantance digirin Benin da Togo, kuma dama duk wanda ya yi nasin a waje sai ya bi ta hannun majalisa ya ci jarrabawarta kafin ya taɓa marar lafiya a nan.

To ina suna yake da amfani? Yana da shi, ba zan ce babu ba, amma ba ta inda mutane suke zato ba. Abin da ya fi sunan tasiri shi ne irin takardar. Digirin nasin, wato BNSc, shekara 5 ne a jami'a ta hanyar JAMB, kamar a UNILAG ko LASU, a ciki ake zana jarrabawar majalisa, bayan nan a yi shekara ɗaya ta intanshif sannan hidimar ƙasa. Tsohon tsarin makarantun asibiti shekara 3 ne a fito da RN, yanzu ana ta mayar da su kwalejoji masu ba da ND da HND a shekara 4, su ma ta JAMB. Duka biyun nas ne cikakke, bambancin yana fitowa ne gaba, wajen matakin albashi da ƙarin girma da zuwa digiri na biyu ko koyarwa, kuma mai RN tana iya komawa jami'a ta shiga daga aji biyu ta ƙarasa digirin, ƙofar ba a rufe take ba.

Na biyu kuma asibitin da makarantar ta jingina da shi. A ganina nan ne ainihin darajar wuri irin LUTH take, ko kwalejin jihar Legas da ke Igando, ko asibitin koyarwa na Aminu Kano da na ABU. Ɗalibar da ta yi dare a ɗakin haihuwa mai cike, ta ga mai jijjiga ta ga mai zubar jini, sista tana tsaye a kanta tana cewa sake auna, sake rubutawa, ba za ta zama ɗaya da wadda aka kai asibiti mai gado goma ta yini tana danna waya ba. Amma ku lura wannan maganar marasa lafiya ce da malamai, babban asibitin jiha a wani gari da ba a ji da shi yana iya ba da ita fes. In ta fito ta ga tana son wani fanni kuma, a Legas ɗin nan akwai kwas ɗin ƙwarewa na masu taɓin hankali a Yaba da na ƙashi a Igbobi, su ma RN ɗin suke tambaya.

Masu burin fita waje ma haka ne. Ingila za ta nemi jarrabawar Turanci da nata gwajin biyu, Amurka jarrabawarta ta NCLEX, kuma dukansu majalisar nan za su tuntuɓa ta tabbatar musu lasisinki na gaske ne. Shi ya sa a Fabrairun 2024 da majalisa ta fito da ƙa'idar cewa sai mutum ya yi aikin shekara 2 bayan lasisi kafin a tantance masa takardu, nas-nas suka fito zanga-zanga a Abuja da Legas, don sun san maƙogwaron yana wajen majalisa. A lokacin ne magatakardanta Faruk Umar Abubakar ya ce nas dubu 42 suka bar ƙasar a cikin shekara 3.

Akwai kuma abin da mu Hausawan Legas muke aunawa wanda ba ya cikin doka amma yana iya kayar da karatu, wato nisa da kuɗin mota da wurin kwana. Yarinyar da za ta taso daga Agege kullum ta kama aikin safe a wani asibiti can tsallaken gari, ga gosulo, ga aikin dare, in babu hostel abin zai yi mata nauyi komai kyan makarantar. Yajin aikin jami'o'in gwamnati shi ma a saka shi a lissafi, na 2022 wata 8 ya ci. Kuma dan Allah a daina ganin aikin na mata ne kaɗai, samarinmu ma su nema, ɗakin maza yana buƙatar mai jin Hausa, duk wanda ya taɓa raka tsohonsa asibiti a garin nan yana neman tafinta ya san haka.

Ranar da za ku je sayen fom, Alhaji ko Hajiya ku shiga ofis da kanku kada ku aiki ɗan acaɓa, ku ce a nuna muku takardar amincewar majalisa ta wannan kwas ɗin da shekararta, ku tambayi kotarsu nawa ce kuma mutum nawa suka ɗauka bara, a wane asibiti ake koyon aiki, nawa suka zauna jarrabawar majalisa ta ƙarshe nawa suka ci. Sannan a waje ku tari ɗaliba 'yar ajin ƙarshe ku tambaye ta ko duk 'yan ajinsu sun samu lambar indeksin. In ofis suka fara kame-kame a kan kota, kada ku biya ko kuɗin fom.