Mene ne ma'anar «alƙali mai bincike»?

Mai sauraron labaran Faransa ko na Nijar ya saba jin an ce an miƙa wata magana hannun alƙali mai bincike, wato juge d'instruction. Ga ɗan Najeriya abin da ɗaure kai, don shi a saninsa bincike aikin 'yan sanda ne, alƙali kuwa zama yake ya saurari lauyoyi biyu suna kai ruwa rana.

Wannan alƙalin ba ya yanke hukunci. Aikinsa tattara hujja, wadda za ta kama wanda ake zargi da wadda za ta wanke shi. Yana kiran shaidu, yana ba da umarnin a binciki gida, daga ƙarshe ya ce ko a kai kotu ko a rufe fayil.

Wanda ya bi salsalar wannan tsari shi ne Adhémar Esmein, masanin tarihin doka da aka haifa a 1848, ya koyar a Jami'ar Paris, ya rasu a 1913. A littafinsa na 1882 kan tarihin shari'ar laifuka a Faransa, ya nuna tushen abin yana kotunan coci na ƙarni na 13, inda alƙali kan tashi da kansa ya yi bincike ba sai wani ya kawo ƙara ba. Sarakuna suka ara. A dokar Sarki Louis na 14 ta 1670 komai a asirce ake yi kuma a rubuce, galibi ba lauya, har da azabtarwa don mutum ya amsa laifi. Da aka yi juyin juya halin Faransa sai aka kwaikwayi Ingila, aka fito da shari'a fili. Dokar Napoleon ta 1808 ta raba gardama: bincike a ɓoye, shari'a a bainar jama'a. Sai a 1897 aka yarda lauya ya tsaya wa wanda ake tuhuma tun a gaban alƙali mai bincike, kusan shekara 90 ke nan, jinkirin da ni kam nake gani ya yi yawa.

Nijar ta gaji muƙamin ta hanyar mulkin mallaka. A Faransa kuwa Shugaba Sarkozy ya nemi a soke shi a 2009, amma abin bai yiwu ba.